Turanci ga ɗan karkarar Kano: Inda Hausa ke taimakonsa da inda take sa shi tuntuɓe

A ƙauyukan da ke arewacin birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, gona na jingine da gona, gari na hangen gari. Yanki ne mai cikar jama'a, kuma kusan duk abin da ake yi a cikinsa da Hausa ake yi: ciniki, wa'azi, rabon gado, hirar dandali da labaran rediyo. Yaro yana iya wayar gari har ya kwanta bai ji jimla ɗaya ta Turanci ba, in dai ba a aji ba.

Amma ranar da ya kai ƙarshen sakandare, Turancin nan ne ke tsaye a bakin ƙofa. Jami'a ba ta karɓar ɗalibi sai da kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. A jarrabawar JAMB ma kowane ɗalibi sai ya rubuta Turanci, ko likitanci yake nema ko shari'a. Sauran darussan kuma, in aka cire na harsuna irin su Hausa da Larabci, da Turanci ake yin tambayoyinsu. Yaron da ya san amsar tambayar Lissafi amma bai gane abin da aka tambaye shi ba, ya faɗi.

Da yawa daga 'yan kasuwa da ma'aikatan birni daga irin waɗannan ƙauyuka suka fito, kuma su ne ke ɗaukar nauyin karatun ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa da ke can. Yana da kyau su san cewa kurakuran Turancin ɗan Bahaushe ba barkatai suke zuwa ba. Mafi yawansu daga tsarin Hausa suke tasowa, ana iya lissafa su, kuma abin da aka iya lissafawa ana iya maganinsa.

Yadda aka zo nan

Makarantar boko da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Tun daga lokacin ake ta kai-kawo a kan harshen da ya kamata a koyar da yaro da shi. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabunta ta, ta tanadi a fara firamare da harshen gida, Turanci na zaman darasi, sannan daga aji huɗu a juya zuwa Turanci. A watan Nuwamban 2022, Ministan Ilimi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya sanar da cewa za a riƙa koyarwa da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Turanci.

Ko wane tsari aka bi, abu ɗaya bai sauya ba: yaron Gabasawa ko na Bagwai da Hausa yake tunani a ranar da ya shiga aji ɗaya. A gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, an kuma ware ƙwararrun malamai suna koya musu Turanci a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Abin lura a nan shi ne harshen gida ba ya hana koyon Turanci, matuƙar an koyar da Turancin yadda ya kamata.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane haka. A Amurka, inda miliyoyin mutane ke magana da Sifaniyanci a gida, ana rubuta littattafan Turanci musamman dominsu, ana nuna musu kalmomin da harsunan biyu suka yi tarayya a kai da wuraren da suka saba zamewa. Ɗan Bahaushe ma irin wannan taswira yake buƙata.

Kalmomi nawa ake buƙata?

Ƙamusun Turanci yana da kauri har ya tsorata mai koyo, amma kalmomin da ke ɗauke da nauyin harshen ba su da yawa. A 1953 wani malami ɗan Ingila, Michael West, ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2,000 da aka fi amfani da su. Masu bincike sun gano cewa irin waɗannan kalmomi su ne kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum, a magana kuwa sun fi haka. Muryar Amurka ta fara wani shirin labarai cikin sauƙaƙan Turanci a 1959, da kalmomin da ba su wuce kimanin 1,500 ba, kuma da su ta riƙa ba da labarin duniya.

Lissafin mai sauƙi ne. Yaron da ya riƙe kalma biyar a kowace ranar makaranta, a mako ya sami 25. Cikin shekara uku ya haɗa dubu biyun nan har da ragi. Sharaɗin shi ne a zaɓi kalmomin da suka dace, a kuma koya su cikin jimla.

Akwai wata al'ada ta ɗaukar manyan kalmomi masu wuyar faɗa a matsayin alamar iya Turanci. Ɗalibi sai ya haddace kalma mai gaɓa biyar don ya burge a muhawara, alhali bai rarrabe "before" da "after" ba, ko "each" da "both", ko "at least" da "at most". Waɗannan ƙananan kalmomi kuwa su ne ke cikin umarnin jarrabawa, inda za a ce a amsa tambaya kaza kada a wuce kalma kaza. Su ne kuma a jikin kwalbar maganin feshin wake, inda aka rubuta yawan da za a zuba a ruwa da kwanakin da za a jira kafin girbi. Wanda ake kira a gida ya karanta wannan rubutu, ɗan makarantar nan ne.

Jarin da yaro ya zo da shi

Ɗan Bahaushe ba hannu rabbana yake zuwa aji ba. Abu na farko, jerin jimla iri ɗaya ne a harsunan biyu: mai aiki, aiki, sannan abin da aikin ya faɗa wa. "Manomi ya shuka gero" da "The farmer planted millet" tafiyarsu ɗaya.

Na biyu, Hausa ta aro ɗaruruwan kalmomi daga Turanci: tebur, fensir, bokiti, burodi, asibiti, direba, kafinta, tela, birki, taya, ofis, gwamna, soja, lamba, tumatir, karas. Malamin da ya tambayi yara su kawo irin waɗannan kalmomi daga gida, sannan ya nuna musu asalin kowace da yadda ake rubuta ta, ya ba su ɗaruruwan kalmomi a araha. Sai dai a yi hattara da waɗanda ma'anarsu ta gusa. Kanti daga "canteen" ya fito, amma a Turanci wurin cin abinci ne, kanti kuwa "shop" ne. Famfo daga "pump" ne, amma na wanke hannu "tap" ake ce masa. Mota daga "motor" take, wanda ya fi nufin injin, abin hawan kuwa "car" ne.

Na uku, yaran yankin da dama sun riga sun yi makarantar allo da Islamiyya. Sun saba da hadda, kuma wanda ya taɓa nahawun Larabci ya san fi'ili da fa'ili da maf'uli. Idan aka ce masa "verb" shi ne fi'ili, wato aikatau, an rage masa rabin tafiya.

Inda nahawun biyu suka raba hanya

Babban bambanci yana wajen nuna lokaci. A Hausa ɗan ƙaramin wakilin sunan da ke gaban aikatau ne ke ɗauke da lokaci: ya tafi, zai tafi, yakan tafi, yana tafiya. A Turanci jikin aikatau ɗin ne ke sauyawa: "go", "went", "gone". Yaron da ya rubuta "Yesterday I go to market" ya bi ƙa'idar Hausa ne, domin a ganinsa kalmar jiya ta riga ta gama aiki. Yawancin aikatau na Turanci "-ed" ake ƙara musu, amma akwai kimanin 200 da ba sa bin wannan ƙa'ida, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda aka fi amfani da su, irin su ci, sha, gani, saye da zuwa. Waɗannan sai hadda, kuma waɗanda ake buƙata kullum ba su kai rabin adadin ba. Har ila yau, "ya tafi" ɗaya tilo tana ɗaukar "he went" da "he has gone", don haka sai an zauna an nuna wa yaro cewa ta farko labarin abin da ya wuce ne, ta biyu kuma tana nufin har yanzu ba ya nan.

Na biyu shi ne maimaita wakilin suna. Bahaushe ba ya cewa "Audu tafi", sai "Audu ya tafi". Daga nan ake samun "Audu he went" da "My mother she is a trader". A Turanci suna ko wakilinsa ake sawa, ba duka biyun ba.

Na uku, jinsi. Hausa ta taimaki yaro da "he" da "she", tunda tana da shi da ita. Amma a Hausa komai namiji ne ko mace: mota ta lalace, gida ya rushe. Turanci yana da "it" domin abin da ba mutum ba, kuma sai an yi ta nanatawa kafin yaro ya daina kiran mota "she". A ɗaya ɓangaren kuma an sauƙaƙa masa: kai, ke da ku duk "you" ne.

Na huɗu, jam'i da ƙidaya. Ana cewa buhu uku, shekara goma, ba tare da an mai da sunan jam'i ba, lambar kuma tana zuwa a baya. Turanci yana sa lamba a gaba ya kuma tilasta jam'i: "three bags", "ten years". Akwai kuma kalmomin da Hausa ke yi wa jam'i amma Turanci ba ya yi. Shawarwari, bayanai da kayayyaki daidai ne a Hausa, amma "advices", "informations" da "equipments" kuskure ne, kuma kuskure ne da ke bin mutane har ofis.

Na biyar, "a" da "the". Hausa tana da abin da ya yi kama da su. Idan aka ce "wani yaro ya zo", ba a san shi ba, idan kuma aka ce "yaron ya zo", an riga an ambace shi. Malamin da ya fara daga wani da wata, da kuma -n da -r na ƙarshen suna, zai ga yara sun kama da wuri. Bambancin shi ne Hausa tana iya barin suna haka nan, a ce "na sayi akuya", Turanci kuwa dole ne a ce "a goat".

Na shida, tambaya da korewa. Bahaushe yana mai da magana tambaya da sauya murya kawai, ko ya ƙara shin ko ko. Turanci yana jawo "do", "does" ko "did", kuma idan "did" ta shigo aikatau yana komawa asalinsa: "Did he go?", ba "Did he went?" ba. Amsar tambaya mai korewa ma tana da tarko. Idan aka ce "Ba ka ci abinci ba?", Bahaushe yana iya cewa "E, ban ci ba." A Turanci wanda bai ci ba "No" zai ce. Wannan ɗan bambanci yana iya juya magana gaban likita ko gaban masu tantance ma'aikata.

Na bakwai, kwatance da mallaka. "Ya fi ni tsawo" da aikatau aka gina ta, Turanci kuwa sifa yake sauyawa: "taller than". "Gonar Audu" kuma juyawa take yi ta zama "Audu's farm". Haka nan "ina da mota" tana jan mutum ya ce "I am having a car", alhali "I have a car" ce daidai.

Kalma ɗaya a Hausa, biyar a Turanci

Wasu aikatau na Hausa suna da faɗi ƙwarai. Ana jin magana, a ji yunwa, a ji wari, a ji ɗanɗano, a ji Larabci. Turanci ya raba waɗannan zuwa "hear", "feel", "smell", "taste" da "understand". Ana shan ruwa, a sha magani, a sha taba, a sha mangwaro, a sha wahala, Turanci kuwa yana da "drink", "take", "smoke", "eat" da "suffer". Ana cin tuwo, a ci jarrabawa, a ci zaɓe: "eat", "pass", "win". Harafin "a" na "a gida", "a Kano" da "a ranar Litinin" ya kasu uku: "at", "in" da "on".

Akwai kuma inda Hausa ke sarrafa saiwa ɗaya ta fitar da ma'ana biyu. Ya ari littafi, ya ara mini littafi. Ya koyi karatu, ya koyar da karatu. Ya sayi hatsi, ya sayar da hatsi. Turanci kalmomi daban yake da su: "borrow" da "lend", "learn" da "teach", "buy" da "sell". Nan ne tushen "Borrow me your pen" da ake ji a kowane aji. Ɗan kasuwar Dawanau da ya rikita "lend" da "borrow" a takardar yarjejeniya ya mai da mai bin bashi wanda ake bi.

Gaisuwa ma haka. Sannu tana shiga ko'ina, ga mai aiki, ga mara lafiya, ga wanda ya dawo daga tafiya. "Sorry" ba ta da wannan faɗin. "Ina zuwa" da ake faɗa lokacin fita kuma ba "I am coming" ba ce, "I will be back" ce.

Furuci

Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, ai da au. Turancin Ingila yana da sautin wasali kimanin 20 da baƙaƙe 24, duk ana rubuta su da haruffa 26. Shi ya sa rubutun Hausa ake karanta shi yadda aka rubuta, na Turanci kuwa sai an koyi kowace kalma da furucinta. Harafin c kaɗai ya isa misali: yaron da ya saba da shi a "ciki" zai tarar a Turanci wani lokaci k ne, wani lokaci s.

Hausa ba ta rarrabe p da f, don haka "pan" da "fan", ko "pull" da "full", suke zama ɗaya a bakin mai koyo. Ba ta da v, sai "vote" ta koma "boat". Ba ta da sautin th, sai "think" ta koma "sink". Ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa "bread" ta zama burodi, "primary" ta zama firamare. Masana sun daɗe da rubuta waɗannan. A 1969 Elizabeth Dunstan ta fitar da littafi kan sautukan harsunan Najeriya goma sha biyu domin malaman Turanci, Farfesa Munzali Jibril kuma ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a kan bambance-bambancen furucin Turancin Najeriya.

Karin harshe ba abin kunya ba ne, kowace al'umma da nata. Wuraren da ya kamata a dage su ne inda sauti ke sauya ma'ana, musamman da yake jarrabawar WAEC tana da takarda guda a kan sautuka. Maganin p da f ba ya buƙatar na'ura. A riƙe 'yar takarda a gaban baki: p leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su fashe har takardar ta motsa, f kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska na fita a hankali. Dogon wasali da gajere kuma Bahaushe ya riga ya san su, tunda yana rarrabe fari na launi da fari na "ɗan fari", don haka "ship" da "sheep" ba za su gagare shi ba.

Abin da za a iya yi

Yankin ba ya rasa cibiyoyin da za su ɗauki wannan aiki. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi mai horar da malamai, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta, akwai Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa da aka kafa a 1977, wadda ta fitar da likitoci da injiniyoyi daga cikin 'ya'yan talakawa. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Gyaran azuzuwa da samar da kujeru wajibi ne, amma horar da malamin firamare ya san waɗannan wuraren tuntuɓe ba ya cin kuɗi kamar gini.

A aji, hanya mafi sauƙi ita ce jera jimlar Hausa da ta Turanci a allo, a bar yara su gano bambancin da kansu, sannan su ƙirƙiro nasu misalan daga gona, kasuwa da gida. Dukan yaro ko cin tararsa don ya yi Hausa a makaranta shiru kawai yake koya masa, harshe kuwa ba ya zama a baki sai an yi ta kuskure ana gyarawa. Kwafar rubutu daga allo ba tare da fahimta ba ma cika littafi ne kawai.

Karatu shi ne ke maye gurbin Turancin da yaro ba ya ji a unguwa. Bincike ya nuna mai karatu yana buƙatar sanin kalma 95 zuwa 98 cikin kowace 100 kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. Saboda haka ƙaramin littafin labari mai sauƙi ya fi wa ɗan aji ɗaya na sakandare amfani a kan babban littafin da zai tsaya a kowane layi. Ƙamus mai harshe biyu ma yana da muhimmanci, kuma akwai su: Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a 1965, Roxana Ma Newman kuma ta fitar da nata a 1990.

Ga ɗan'uwan da ke birni, akwai gwajin da ba ya ɗaukar minti goma. Idan ya je gida hutun Sallah, ya ba yaron takarda ya ce ya rubuta jimla goma a kan abin da ya yi jiya. Ya duba ko aikatau sun koma shuɗaɗɗen lokaci, ko an maimaita wakilin suna bayan suna, ko "a" da "the" suna wurarensu, ko an sa jam'i bayan lamba. Abin da ya gani a takardar nan shi zai gaya masa inda za a fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gyaran da aka yi a aji huɗu na firamare ya fi sauƙi da araha a kan kuɗin sake zana jarrabawa sau biyu ko sau uku bayan an gama sakandare.